ZANCEN GIDA: Kafin Mu Sayi Sashe a Benen Birni

A wannan wata za mu yi magana a kan wani al'amari da ya fara shiga gidajenmu a ƙasar Kankia da Kusada. 'Ya'yanmu da mu ka sa makaranta sun girma, waɗansu suna aiki a Katsina, waɗansu a Kano ko Abuja. Haya ta ishe su, sai su ji labarin wani bene a unguwar manya, kamar Nasarawa a Kano ko Maitama a Abuja, inda a ke sayar da ɗakuna sashe sashe. Kuɗinsu bai kai ba, sai su aiko gida a sayar da gona ko shanu a cika musu. Kafin uba ya sa hannu a takardar sayar da gonar gado, ya kamata ya san abin da ɗansa zai saya.

A nan wurinmu in mutum ya sayi gida, ya sayi ƙasa da katanga da zaure da tsakar gida. In ɗaki ya faɗi da damina, filin yana nan, sai a sāke gini da rani. Mai sashe a hawa na uku kuwa ba ya da ƙasa a ƙarƙashinsa sai rufin maƙwabcinsa. Matakala da rufin sama da tankin ruwa da harabar ajiye motoci duk na tarayya ne. Wanda ya sayi sashe ya shiga tarayya ke nan da mutanen da bai zaɓa ba.

A birnin New York na Amurka wannan tarayya ta yi nisa ƙwarai. A benaye da yawa can, ƙungiyar gama kai ce ta mallaki ginin duka. Mai saye hannun jari ya ke saya a ƙungiyar, sa'an nan a ba shi izinin zama a sashe guda. Kwamitin mazauna yakan bincika albashinsa da bashin da ke kansa, ya kira shi ya yi masa tambayoyi, yana kuma da ikon ƙin karɓarsa ko da kuɗi a hannu. Ranar da zai sayar, wanda zai saya ma sai kwamiti ya yarda da shi. A ƙasarmu tsarin bai kai haka tsanani ba, amma ƙungiyar mazauna da dokokinta da kuɗinta na wata wata suna nan.

Abu na fari da za a duba shi ne takarda. Tun watan Maris na 1978, zamanin Janar Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta sa filayen kowace jiha a hannun gwamna amana. Abin da a ke ba mutum a birni takardar izinin riƙe fili ce, yawanci ta shekara 99, kuma ba a mayar da ita ga wani sai da yardar gwamna. A Abuja ministan birnin ne ke sa hannu. To, bene mai sashe goma sha biyu yakan tsaya a kan fili ɗaya mai takarda ɗaya. Sai a tambaya: da sunan wa ta ke? An jinginar da ita a banki? Wace takarda za a ba mai sashe, an kuwa yi mata rajista a ofishin filaye? Rasidi kaɗai ba shaida ba ce. A ɗauki lauya na kai, ba na mai sayarwa ba, ya je ofishin ya bincika. Tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan Abuja, an rushe gine-gine masu yawa da su ka saɓa wa tsarin birnin, cikinsu har da na waɗanda su ka biya kuɗinsu da zuciya ɗaya.

Na biyu, ginin kansa. Sunan unguwa ba ya riƙe siminti. Ran 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da a ke ginawa a Ikoyi, unguwar masu kuɗi ta Legas, ya rufta, mutum fiye da 40 su ka mutu. Saboda haka kada a biya kuɗin gidan da ba a gani ba sai a hoto. A kai injiniya ya duba, a kuma koma da damina a ga inda ruwa ke bi.

Na uku, lissafi. A 1992 gwamnati ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda a ka tsara cire kashi biyu da rabi cikin 100 na albashin ma'aikaci, domin ya iya samun rance ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, da ruwa kashi 6 cikin 100 a shekara, a biya har cikin shekara 30. Wannan ya fi rancen bankunan kasuwa sauƙi nesa ba kusa ba. Duk da haka mu ɗauki alli mu buga. Wanda ya ranci Naira miliyan 10 a kan wannan sharaɗi zai riƙa biyan wajen N60,000 kowane wata, kafin ya gama kuwa ya biya fiye da miliyan 21. Mafi ƙanƙantar albashi da a ka tsayar a 2024 N70,000 ne. Bayan wannan ga kuɗin tarayya: mai gadi, man janareta, gyaran famfon rijiyar burtsatse, kwasar shara. Wannan kuɗi ba ya ƙarewa ko an gama biyan gida, kuma yakan hau in mai ya hau. In maƙwabta uku su ka ƙi biya, duk bene ya kwana ba ruwa. A roƙi tsofaffin mazauna su faɗi abin da su ka biya bara.

Na huɗu, zaman kansa. Mu mutanen zumunci ne. Mara lafiya daga Kusada da za a kai asibiti a Kano, gidan ɗan'uwa zai sauka da mai jinyarsa. Yaron da ya sami makaranta a birni ma haka. Waɗansu benaye suna da doka a kan baƙi da dabbobi da hayaniya. Ba a daka a hawa na uku, ba wurin turke, ba wurin kaji. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ba ta iya hawa. Miji ya tafi da matarsa su duba tare, gama ita ce za ta ɗauki wahalar gidan ranar da famfo ya tsaya.

Na biyar, gādo. Gona tana rabuwa, 'ya'ya biyar kowa ya ja kunyarsa. Sashen bene ba ya rabuwa sai an sayar. Mai saye ya rubuta wasiyya tun yana da ƙarfi. In mata ta sa kuɗinta a ciki, a rubuta sunanta a takarda tare da na mijinta, domin kada dangi su fitar da ita da marayu ranar da ba ya nan.

Ba mu ce kada a sayi gida a birni ba. Wanda albashinsa zai ɗauki biyan wata wata, takardu kuma su ka fito sarai, ya saya, mu taya shi murna. Amma shawararmu ga iyaye ita ce, kada a sayar da gonar da ke ciyar da gida domin cika kuɗin sashe. In za a taimaka, a taimaka da rarar hatsi ko bijimi, a kuma tara sauran 'ya'ya a gaya musu, gama su ma suna da rabo. Ga samari kuma muna cewa, ƙaramin fili a bayan gari mai takarda sahihiya, a ɗora ɗaki biyu bana, biyu baɗi, ya fi sashen da zai hana mutum barci shekara 30.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.