Karatu Ta Waya: Wa Zai Rubuta Wa Ɗan Birchi Darasinsa?

Tun da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, babu waƙar da ake rera mana irin ta karatu ta intanet. Wai ɗalibin jami'a ya ɗauki lacca ta waya, ma'aikaci ya yi kwas ta waya, ɗan sakandare ma ya yi bita ta waya. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da shirin Nigeria Learning Passport, aka yi ta tafi. To, mu da ke riƙe da alli a Birchi muna da magana.

Ba mu ƙi ci gaba ba. Ina ma za mu ƙi, alhali tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta, kuma sai ta wannan ƙofa yaranmu za su shiga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ke nan kusa da mu? Amma kowa ya tuna Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Kurfi da Dutsin-Ma. Makarantar da ke cikin waya rufewa ta yi ruf, allo da littafi kuwa suna nan.

A ce ma layi ya samu, an yi caji, an sayi data. Me yaro zai tarar? Galibin darussan da Turanci suke, shi kuwa ɗan aji ɗaya na sakandare har yanzu yana kokawa da baƙaƙen Turancin. An ba shi tuwo, an hana shi miya.

Nan ne fa muke kuka da ku, 'yan'uwa marubuta. Kun cika wayoyin ƙannenmu da labaran soyayya, babi bayan babi a WhatsApp, ana biya ana karantawa. Ashe kun iya riƙe mai karatu! To, ina wanda ya zauna ya bayyana kusufin wata, ko lissafin kaso, ko yadda sauro ke yaɗa zazzaɓi, da Hausa mai daɗi? Kada a ce mana Hausa ba za ta ɗauki kimiyya ba. Da Hausa aka yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, kuma Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja.

Shawararmu ita ce, kowane reshen ƙungiya ya haɗa marubuci da malamin fanni, su fitar da gajerun darussa, a rubuce da kuma a murya, waɗanda za a tura waya zuwa waya ko babu layi, a kuma buga su a takarda. In ba mu yi ba, wasu za su fassaro mana da inji, mu zo muna ƙorafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah Ya sa mu dace, amin.