Kallon Ƙanƙara Daga Bene

A kowace shekara, da zarar watan Nuwamba ya kama, hunturu ya fara turo mana jaura daga wajen duwatsun Shere, mu mazauna Jos mukan zaro rigunan sanyi daga ƙasan akwati, masu shayi kuma su kafa tebur tun kafin a kira assalatu. A daidai wannan lokaci ne, can a ƙuryar kudu ta duniya, ɗari yake sassautawa, teku ta buɗe, manyan jiragen ruwa su fara tashi daga garin Ushuwaya na ƙasar Ajantina ɗauke da 'yan yawon buɗe ido zuwa Antatika, wato nahiyar nan da ƙanƙara ta lulluɓe, wadda ba ta da ɗan asali ko ɗaya. Sukan yi kamar kwana 2 suna ƙetare mashigin Drake, inda igiyar ruwa ke wasa da jirgi kamar ɓawon gyaɗa, kafin su hango tsaunukan ƙanƙara na farko. Haka za a yi ta jigila har watan Maris, lokacin da mu kuma zafi ya fara leƙo mu.

Abin da ya jawo wannan tsokaci shi ne, a hunturun da ya wuce wani abokin aikinmu ya zagaya da wayarsa a ɗakin hutawar malamai yana nuna mana tallan irin wannan tafiya: ga jirgi fari fat mai benaye kamar unguwa guda, ga mutane a baranda riƙe da kofuna, ga tsaunin ƙanƙara yana wucewa ta gabansu. Ya ce da Allah zai hore masa, da nan zai fara zuwa bayan ya sauke farali, ya kuma rufe bakin kowa da cewa ai tafiya mabuɗin ilmi ce. Daga baya mun ji wannan buri a bakin ɗalibai ma. To mu dai ba mu yarda ba, kuma ba don kuɗin ya fi ƙarfin albashinmu ba ne, ko da yake ya fi. Mun ƙi yarda ne don an ɗora karin maganar a inda ba muhallinta ba.

Bari mu fara da yadda harkar take. Wani mutumin Suwidin mai suna Lars-Eric Lindblad ne ya yi fice wajen fara kai masu biyan kuɗi Antatika a 1966. A farkon shekarun 1990 masu zuwa a shekara ba su kai 10,000 ba, amma a kakar 2022 zuwa 2023 sun haura 100,000. Ƙungiyar kamfanonin da ke wannan jigila, wadda aka kafa a 1991, tana da ƙa'ida cewa jirgin da ya ɗauko fasinja fiye da 500 ba zai sauke kowa a tudu ba. Ƙananan jirage ne kawai ke da izinin kai mutane gaɓa a kwale-kwalen roba, su ma kada waɗanda ke tudu su wuce 100 a lokaci guda. Ma'ana, wanda ya shiga irin katafaren jirgin da abokinmu ya nuna mana, zai je ya dawo ƙafarsa ba ta taka nahiyar ba. Zai ci abincin garinsu, ya yi hira da irinsa, ya yi ninƙaya a ruwan ɗumi, idan an yi shela ya fito baranda ya ɗauki hoto, ya koma ciki. Ya ɗauki garinsu kacokan ya aza a kan ruwa, sa'an nan ya ce ya yi tafiya.

Mai karatu ya kwatanta wannan da tafiyar da ta haifi littafin da ya ɗauki wannan karin magana a matsayin suna. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, Abubakar Imam ya tafi Ingila tare da editocin jaridun Afirka ta Yamma. Ya zama baƙo, ya yi tambaya an amsa masa, ya gana da Lugga ya faɗa masa abin da ke damun Arewa, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi don wanda bai je ba ya ƙaru. Abin da ke buɗe ilmi a tafiya shi ne baƙunta: mutum ya rabu da abin da ya saba, ya buƙaci mutanen wuri, ya ƙasƙantar da kai ya tambaya. Wa fasinjan bene na goma zai tambaya? Tsuntsun fengwin?

Da a ce abin ya tsaya ga asarar kuɗin mai kuɗi, da mun yi shiru, domin kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sai dai akwai ɓarna. Injin jirgi yana fitar da kunkunniya, irin wadda ke manne wa rufin madafa, ita kuma idan ta sauka a kan dusar ƙanƙara sai ta rage mata fari. Farin abu yana mayar da hasken rana, baƙi kuwa yana shanye shi, kamar yadda duk wanda ya sa baƙar riga a watan Afrilu ya sani. Saboda haka dusar da ta yi dauɗa ta fi saurin narkewa. Wani bincike da aka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa kowane baƙo guda yana jawo narkewar dusa kimanin tan 83. Wannan ban da hayaƙin jiragen sama da suka kwaso su daga Amurka da Turai da Sin zuwa bakin teku. Ga kuma haɗari. A 1989 jirgin Ajantina mai suna Bahia Paraiso, wanda ke ɗauke da 'yan yawon buɗe ido, ya daki dutse ya tsiyayar da man dizal kimanin lita 600,000 a ruwan Antatika. A Nuwamban 2007 jirgin Explorer, wanda shi ne Lindblad ya sa aka ƙera a 1969, ya daki ƙanƙara ya nutse. An ceto duka mutum 154 da ke ciki, don an yi sa'a teku tana kwance kuma akwai jirage a kusa. A wurin da babu asibiti, babu tashar ceto, ina za a kai mutum 2,000 idan ba a yi wannan sa'a ba?

Ba mu manta da abin da masu kare harkar za su ce ba. Za su ce tun 2011 an hana amfani da baƙin mai a tekun Antatika, ana wanke takalman baƙi kafin su sauka, ana hana su matsar dabbobi. Gaskiya ne, kuma abin yabo ne. Amma ƙungiyar da ta tsara yawancin waɗannan ƙa'idoji ta masu jiragen ce da kansu, shiga cikinta kuma ganin dama ne. Ƙasashen da ke cikin Yarjejeniyar Antatika ta 1959 ba su yanke adadin baƙin da ba za a wuce ba. Za su kuma ce wanda ya gani da idonsa yakan dawo ya zama jakadan nahiyar, mai kare ta. To jakadun sun ninka fiye da sau 10 cikin shekara 30, kuma a watan Fabrairun 2023 ƙanƙarar da ke kan tekun Antatika ta ragu zuwa matakin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara aunawa da tauraron ɗan'adam. Ba mu ce su kaɗai suka jawo haka ba, amma dai jakadancin bai hana komai ba. Ilmin da duniya ta amfana da shi daga can, kamar gano ɓular da ta samu rufin iskar ozon a 1985, ya fito ne daga masu bincike da suka yi shekaru suna awo a cikin duhu da ɗari. Mafi muni a cikin hujjojin ita ce wadda ake raɗawa a cikin talla: je ka gani kafin ta narke. Wannan dubiya ce da mai dubiya ke zama a ƙirjin majinyaci.

A ƙuryar arewa kuwa akwai mutane, kuma nan ne maganar ta fara kusanto mu. Hanyar ruwan da ta ratsa ta arewacin Kanada ta ɗauki Roald Amundsen daga 1903 zuwa 1906 kafin ya fita da ɗan ƙaramin jirginsa. A 2016 jirgin Crystal Serenity ya bi ta da fasinja kusan 1,000 da ma'aikata kusan 600, ya tashi daga Alaska ya isa Niyok cikin kwana 32, kujera mafi araha kuma ta haura dala 20,000. Narkewar ƙanƙara ce ta buɗe masa hanya. Ya tsaya a Ulukhaktok, ƙauyen da mazaunansa, akasarinsu Inuwit, ba su fi 400 da wani abu ba. An ce an sauke baƙin rukuni-rukuni, sun kalli rawa, sun sayi kayan sassaƙa. Madalla. Amma ƙanƙarar da ta kauce wa jirgi ita ce hanyar da mafaraucin Inuwit ke bi ya ciyar da gidansa. Abin da ya zama biki ga baƙo, shi ne makokin mai gida.

Mu a Jos ba ma buƙatar a fassara mana wannan, domin mu ma an taɓa mayar da mu wurin sanyi na masu hali. Tudunmu ya kai tsawon mita 1,200 daga teku, saboda haka a zamanin mulkin mallaka nan ne Turawan da zafin Sakkwato ko gumin Lakwaja ya galabaitar suke zuwa su sha iska, Hill Station kuwa don irin su aka gina ta. Suna zaune a baranda, ga duwatsu ga ciyawa, suna cewa wurin ya tuna musu da gida. A ƙasan wannan baranda ake haƙar kuza. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanoni suka shigo, a 1914 aka kawo ƙaramin layin dogo daga Zariya don kwashe ta, a 1927 babban layi ya iso. Gonakin acca na Birom da maƙwabtansu suka koma ramuka. Da Jafan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai aka ƙaƙaba aikin tilas, wanda iyayenmu suka sani da ɗiban gwamna. Har zuwa 1944 ana kwaso talakawa dubbai daga lardunan Arewa, mutanen da suka tashi a ƙasar zafi, a zuba su a bariki babu isasshen abinci babu mayafin kirki, su wuni cikin ruwa da kwanon sarki a ka. Da yawa ba su koma gida ba. Sanyin da ya zama magani ga na baranda, shi ya kashe na cikin rami, kuma tsakaninsu bai fi tafiyar ƙafa ba.

Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, manyan kamfanoni sun daɗe da naɗe tabarma, suka bar mana ɗaruruwan kududdufai daga Bukur zuwa Barikin Ladi. Wasu sun zama abin ban ruwa ga masu lambun kabeji da karas, wasu kuwa suna cin yara da shanu. Yanzu kuma, da yake taken jiharmu ya haɗa zaman lafiya da yawon buɗe ido, mun fara kallonsu da idon baƙo. Tafkin Rayfield, inda ake hawa kwale-kwale ana ɗaukar hoton kafin aure, tsohon ramin kuza ne. Ba mu hana kowa shaƙatawa ba, mu ma mun kai iyali. Amma idan mun yi Allah wadai da mai kallon ƙanƙara daga bene, sai mu tambayi kanmu: cikin masu ɗaukar hoto a bakin wannan ruwa mutum nawa ne suka san wanda ya haƙa shi, da gonar wanda aka haƙa? Laifi tudu ne. Idon da ke ganin kyan wuri ya tsallake asalinsa iri ɗaya ne, ko a mashigin Drake ko a hanyar Bukur.

Wani zai ce ina ruwan biri da gada, mu da ba mu da ko jirgin kamun kifi a Filato. Ruwanmu ne. Ƙanƙarar da ta zube daga tudun Antatika da Girinlan cikin teku take shiga, tekun kuwa ita ce ke cin gaɓar Legas da garin Ayetoro a jihar Ondo. A duk Afirka, ƙasar Afirka ta Kudu kaɗai ke cikin yarjejeniyar da ke yanke hukunci a kan waccan nahiya. Ba a gayyace mu biki ba, amma an aiko mana da kwanukan wanki. Abin da ya rage kawai shi ne mu ƙara da yi wa masu bikin guɗa, muna fatan wata rana a ba mu kujera.

Ga ɗalibanmu masu sha'awar rubutu, waɗanda wannan mujalla tasu ce, muna da wata tafiya da za mu ba da shawara. A shiga mota daga Taminus zuwa Bukur, daga nan a wuce Bisichi ko Gindin Akwati, a sauka a yi sallama, a nemi dattawa, a zauna a tabarmarsu. Wanda aka ɗiba yana ɗan shekara 18 a 1942, in yana raye yau ya haura shekara 100, saboda haka galibi 'ya'yansu za a tarar, su ma sun manyanta. A tambaye su sunan garin da aka ɗebo ubansu, da abin da ake ba shi ya ci, da waƙar da leburori ke yi idan suna hawowa daga rami. Muna so mu ga abin da aka samo a fitowa ta baɗi, kuma idan kuɗin mota ne matsala, a same mu a ofis.