Mai mai tsada ba ya mayar da Starlet jirgin sama

Wata magana tana yawo a garejoji da tashoshin mota daga Maraɗi har Damagaram: wai in ka zuba wa tsohuwar motarka esansi mai babbar lamba, ko ka ƙara masa ƴar kwalbar nan ta "ƙarin ƙarfi", za ta fi gudu, ta rage shan mai. Mu dai mun ce ba haka ba ne.

Lambar nan ta 95 ko 98 da ake gani a murfin tankin motocin da ake kawo mana daga Turai, sunanta oktan. Ba ƙarfin mai take aunawa ba. Tana nuna yadda mai yake jure matsi cikin inji bai kama wuta ba kafin buji ya kunna shi. Injin da ke matse mai sosai, kamar na wasu motoci masu turbo, shi ke bukatar babbar lamba, in ba haka ba ya dinga ƙwanƙwasa. Injin da aka ƙera don man yau da kullum kuwa, ko ka ba shi 98 ba abin da zai ƙaru.

A Amurka, ƙungiyar masu motoci ta AAA ta gwada wannan a 2016. Ba ta ga ƙarin ƙarfi ba, ba ta ga ragin shan mai ba. Ta ce direbobi sun yi asarar sama da dala biliyan 2 cikin shekara guda.

Wani zai ce araha ba ta ado. Gaskiya ne, amma a nan ba araha ce ke kashe mota ba, datti ne. Man ruwa-ruwa da ya sha rana cikin kwalba, ƙura ta shige shi, wani ma an gauraya shi da kananzir, shi ke toshe filta ya lalata famfo.

To, direba da ɗan kabu-kabu, duba lambar da kamfanin ya rubuta, ka tsaya a kanta. Jikkar da za ka ba mai kwalbar ƙarin ƙarfi, tara ta ka juye baƙin mai a kan lokaci, ka sake buji, ka kakkaɓe filtar iska in hunturu ya shigo. Ku kuma masu gyara, ku ji tsoron Allah, ku daina tallata wa talaka abin da motarsa ba ta bukata.