Dambe ya shiga idon duniya, amma wa ke horar da 'yan damben?

A shekarar 2016, lokacin da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar lambar azurfa ta tekwando a gasar Olamfik ta Rio, shekara 44 ke nan rabon ƙasar da wata lamba a gasar, tun tagullar da Issaka Daboré ya samu a damben zamani a 1972. Da shekara ta zagayo, Alfaga ya zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu. An sha shagali a Yamai, sai dai shagalin ya binne wata magana: a Jamus ya yi horon da ya kai shi can. Kamaru Usman, haifaffen Auchi da ya koyi kokawa a Amurka, da Israel Adesanya, haifaffen Legas da ya gwanance a New Zealand, duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su.

Maganar ta fi dacewa a ɗaga ta yanzu da damben gargajiya ke samun kasuwa. Gidajen dambe na Kano da Dei-Dei a Abuja suna cika maƙil, ana kallon wasannin a YouTube daga ƙasashe masu nisa, kamfanoni irin su African Warriors Fighting Championship kuma sun shigo harkar. Kuɗin da ke shigowa, galibinsa a ranar wasa yake tsayawa. Abin da ɗan dambe ke yi a sauran kwanakin mako, shi ta shafa.

Alhali a waɗannan kwanakin ake gina ɗan wasa. Gudun asuba da ɗaga ƙarfe da dukan buhun yashi suna gajiyar da tsoka ne kawai. Sai an ci abinci mai gina jiki an yi isasshen barci take murmurewa ta ƙara ƙarfi. Saurayin da ya yini yana aikin ƙarfi ko tuƙa keke-napep, ya kwana da gari da ƙuli, ba ya gina jiki, cinye shi yake yi. A damben zamani, wanda aka sumar kan huta aƙalla kwana 30 kafin ya sake karawa, saboda ƙwaƙwalwa. Ɗan damben da abincinsa ya rataya a kan karin 'yan kallo ba shi da halin irin wannan hutu.

Horon zuciya ya fi wannan wuya, kuma masu dambe sun san shi tun fil azal. Duk wanda ya taɓa kallon turmi ya ga yadda gwani ke miƙa hannun kariya, yana auna abokin karawarsa, yana haɗiye tsoro da fushi har sai ƙofa ta buɗe. Mai gaggawa shi ke shan ƙasa. Kiɗan kalangu da kirari, irin wanda Ɗan Anace ya riƙa yi wa Shago, suna zuga zuciya a fili, amma haƙurin jira a hannun ubangida ake koyonsa, shekara da shekaru. Inda babu mai koyarwa, ƙwaya ce ke tayin cike gurbi. Binciken da hukumar UNODC ta fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma babu katangar da ta raba filin wasa da unguwa. Tiramadol na kashe zafin naushi, tana kuma kashe natsuwar da ake cin wasa da ita.

A nan siyasa ta shigo. Saurayi mai ƙarfin damtse da bai samu mai horar da shi ba yakan samu mai ɗaukarsa haya, musamman idan zaɓe ya ƙarato. Shugabanni sun iya wa'azin tarbiyya ga matasa, amma tarbiyyar ɗan wasa tana bukatar zaure da koci da likita da kasafin kuɗi.

Nijar ta nuna ana iya somawa da na gida. Tun 1975 hukuma ke shirya gasar takobin kokawa, inda jihohi takwas ke tace 'yan kokawa goma-goma kafin a haɗu a fili. Tsarin bai hana Alfaga tafiya Jamus ba, amma ya ba ɗan kokawar ƙauye tsanin da zai hau daga gundumarsa har zuwa takobi. A arewacin Najeriya, tsanin ɗan dambe har yanzu yana hannun masu gidajen dambe da attajiran da ke liƙi.