Rusau: Darasin Kano ga 'Yan Kasuwar Damagaram

Masu iya magana na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Duk ɗan kasuwar Damagaram da ke zuwa Kano sarin kaya ya san abin da ya faru a watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf. An fara da wani bene mai hawa uku a Filin Sukuwa, aka bi da ginin Otal ɗin Daula, sannan shagunan Filin Idi. Gwamnati ta ce filayen jama'a ne aka sayar ba bisa ƙa'ida ba.

Ko da hujjar gwamnati ta tsaya, yadda aka yi aikin abin dubawa ne. Katafila ta daki gini ta wuce, aka bar bango a tsaye babu madogara, babu shinge. Matasa suka yi dafifi suna yanko rodi da ƙofofi, har ragowar ginin Daula ta rufto a kan wasu, aka yi asarar rai. 'Yan kasuwa da dama sun rasa kayansu a hannun masu wawaso. A watan Satumban 2023 Babbar Kotun Tarayya ta umarci gwamnatin ta biya masu shagunan Filin Idi diyyar Naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3.

Rushe bene a tsakiyar jama'a yana da ƙa'ida. Injiniya ne ke fara duba ginin. A yanke wuta da ruwa, a kwashe mutane da dukiyarsu, a kewaye wurin. Daga hawa na sama ake farawa a sauko, ana yayyafa ruwa saboda ƙura, kuma ba a barin wurin sai an kwashe ɓaraguzai.

Gaskiya ne Zinder ba ta kai Kano yawan benaye ba, amma mai rumfa a Kasuwar Dole da mai tallar da ta kawo kaya daga Hamdara ko Mirriya, a gindin bango suke neman inuwa. Don haka ya kamata shugabannin 'yan kasuwa su nemi ofishin magajin gari ya riƙa ba da sanarwa a rubuce da isasshen wa'adi kafin a taɓa kowane gini. Mai haya kuma ya adana takardunsa, domin su ne shaidarsa a gaban alƙali.

Allah Ya kiyaye mana rai da dukiya.