Ba Laptop Ɗinka Ne Ya Tsufa Ba

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta janye tallafinta ga Windows 10. Windows 11 kuma ta ce sai kana da TPM 2.0 da sabon processor, abin da yawancin tsofaffin tokunbon da ke hannunmu ba su da shi. Shi ke nan sai ka sayi sabo? Da wane kuɗin, a wannan tsadar?

Abin haushin ma shi ne masu gyaran da za su ɗora maka Windows na sata, su karɓi kuɗinka, sannan su ce wai Linux ta 'yan kutse ce. Haba malam! Android ɗin da ke aljihunsu ai a kan Linux aka gina ta.

Linux Mint kyauta ce. Ka saka ta a flash, ka gwada ba tare da ka goge komai ba. Chrome yana aiki, LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel. Mai cin abinci da CorelDraw ko Photoshop kam ya dakata, ba sa hawa kai tsaye. Amma kai da aikinka typing ne da YouTube, me kake jira? Ka dai kwashe fayilolinka kafin ka ɗora.