Ƙwaron da ya kasa sauya riga

Duk wanda ya taɓa cin soyayyar fara da yaji ya san ɓawon nan da ke maƙalewa a haƙori. Jigon wannan ɓawo shi masana ke kira kaitin. Da shi ƙwaro ke ƙera sulkensa, da shi yake shimfiɗe cikin hanjinsa. Sulken ba ya buɗawa, saboda haka duk sa'ad da tsutsa ta ƙara girma sai ta narkar da tsohuwar riga, ta saƙa sabuwa, ta yi saɓa. In aka hana ta, a ciki za ta mutu.

Yayana manomin masara ne. Tun da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta shigo Najeriya a 2016, bai huta da goyon tankin feshi ba. Babu safar hannu, babu takunkumi. Na ga ranar da ya dawo yana jiri da amai, tsutsar kuwa tana nan lafe a kunnen masara. Shi ya sa nake bibiyar binciken hana ƙwaro saɓa da idon mai neman mafita.

A 1998 wasu masana biyu a Amurka, Andrew Fire da Craig Mello, suka nuna cewa ana iya rufe bakin ƙwayar gado guda da wani ɗan guntun saƙo na RNA mai igiya biyu. Suka sami lambar Nobel a 2006. Masu binciken ƙwari suka ɗauki dabarar, suna toshe ƙwayar da ke ba da umarnin saƙa kaitin ko ta narkar da shi. Mutum ba shi da kaitin, masara ma haka. Ƙudan zuma yana da shi, amma ana iya tsara saƙon ya dace da jinsi ɗaya, muddin an gwada an tabbatar. A ƙarshen 2023 Amurka ta amince da feshin RNA na farko, Calantha, don ƙwaron dankali, ko da yake wata ƙwayar gadon daban yake toshewa.

Sai dai a yi hattara. Dabarar ta fi kama ƙwari masu taurin baya. Tsutsotsin malam-buɗe-littafi, irin ta masara da ta furen wake da wadda ta cinye tumatirin Kano a 2016, hanjinsu kan narkar da saƙon kafin ya yi aiki. Rana da ruwa ma suna saurin lalata shi. Kamfanin da ya yi Calantha a Amurka kuwa ba da damuwar yayana yake kwana ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar da wake mai jure tsutsa a 2019, ke nan akwai masu hannu. A ba su kuɗi da kayan aiki su fara da ƙwaron da ke huda wake a buhu, tunda yana cikin dangin masu taurin baya. Saboda shi ake barbaɗa wa wake fiya-fiya, har Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Turawa sun ƙi ci, mu muka ci gaba da yin ƙosai da shi. Ko don wannan kaskon, binciken ya cancanci kuɗinmu.